Mai Raga da Siririn Gam

A ofis ana kiranta Mai Raga, sunan har ya bi ta gida. Aikinta yayyanka zanen abu a kwamfuta zuwa ƙananan gidaje kamar idon raga, don na'ura ta lissafa inda abin zai tsage tun kafin a ƙera shi. Ƙarfe mai kauri kowa ya iya. Ita gwanintarta sirara ne: gam ɗin da ke tsakanin gilashi biyu, ko fentin da bai kai kaurin gashi ba. Abokan aikinta kan tsallake su, wai gidajen za su yi yawa, kwamfuta ta yini tana nishi.

"Ta yi ta nishin," take cewa. "Daga nan abu ke fara ɓarewa."

Mijinta ya rantse ko man da take shafa wa burodi sai ta daidaita kaurinsa.

Shekara ashirin da shida tana wannan aiki, sai ido ya fara gaza mata. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta san da shugaban sashe ya ji, teburin rahoto zai mayar da ita, ita kuwa gara zazzaɓi da teburin nan.

Dogo, maƙwabcin teburinta kuma abokin faɗanta na kullum, shi ke duba aikinta. Ranar Talata ya buɗe ragar gilashin wata motar bas, ya daɗe yana kallon allo.

"Yaya, zo ki gani," ya ce a hankali.

A kusurwar hagu babu gam. Ta tsallake shi, ita da kanta. Kunya ta rufe ta, har ta fara lissafin kwalin da zai ɗauke kayan teburinta.

"Je ka faɗa wa shugaban sashe," ta ce.

"In ce me? Wata uku kina manna hanci a allo, kin zaci makaho ne ni?" Ya jawo mata kujera. "Zauna. Ni ina ganin layin, amma wallahi ban san gida nawa zan sa a kaurinsa ba."

Ta san ya sani sarai. Ta zauna, ta goge ido da bakin mayafi.

"Uku," ta ce. "Kuma kada ka ja su su yi tsawo irinka."