Layin Toka a Bayan Beji

Na yi shekaru ina tuƙa motar ƙugiya a Minna da kewayenta. Na ɗaga ƙarafan gada, na ɗaga injuna, na tayar da tirelolin da suka kife a hanya. Yawancin waɗannan ayyuka sun ɓace mini. Amma ranar da muka je ɗora tankin ruwa a wani ƙauye can bayan Beji, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan, kuma ba na jin za ta fita daga kaina har in koma ga Mahaliccina.

A shekarun tamanin ne, lokacin ina da jini a jika, ina aiki da wani kamfani mai ba da hayar manyan motoci a wajen Chanchaga. Ga wanda bai san motar ƙugiya ba, babbar mota ce mai dogon hannun ƙarfe, da waya mai kauri da ke saukowa da ƙugiya a bakinta. Kafin ta ɗaga komai sai ta miƙa ƙafafu huɗu ta dafa ƙasa. Ni kuwa, ba yabon kai ba, na iya ta. Mahaifina a reluwe ya yi aiki har ya tsufa, kuma abin da na gada a wurinsa shi ne taurin kai a kan ƙa'ida. Mutane suna cewa ina da zafin rai. To, ina da shi, ban taɓa musawa ba.

Ba ni kaɗai nake fita ba. Akwai abokin aikina mai ba ni alama da hannu, shi ne idona a ƙasa. In na shiga ɗakin tuƙi hannunsa kaɗai nake kallo, ko gwamna ne ya ɗaga nasa ban gan shi ba. Kirista ne, ɗan asalin yankin, ya girme ni, kuma yana jin yaren mutanen ƙauyukan. Ina kiransa Fasto don tsokana, alhali ko waƙar coci ɗaya bai iya kaiwa ƙarshe ba. Shi kuma yana kirana Alhajin da bai ga jirgi ba.

An riga an haƙa wa ƙauyen rijiyar burtsatse, an kafa hasumiyar ƙarfe, saura a ɗora tanki a samanta. Farkon damina ne. Mun isa da safe muka tarar motar da za ta kawo tankin ba ta zo ba. Na zagaya wurin ina taka ƙasa, don an yi ruwa a kwanakin, na zaɓi inda ya fi tauri, muka shimfiɗa katakai masu kauri muka dasa ƙafafun motar a kansu. Na duba sama, babu wayar lantarki ko ta magani. Muka zauna jira.

Muna nan sai wani dattijo ya zo da sandarsa ya gaishe mu. Fasto ya ce mini shi ne shugaban gayyar garin, in ya yi kira babu namijin da ke zama. Kowa Baba yake ce masa, mu ma muka bi. Ya ce ɗansa zai yi aure, an gama ginin ɗaki, yau za a ɗora jinka, mu zo mu sa albarka tunda zaune muke.

Na sha ganin ɗora jinka, amma ranar ce na kalle ta da idon mai aiki. An ɗaure ta a ƙasa, an baibaye ta da ciyawa, sai maza suka shiga ƙarƙashinta suka ɗauka a ka da hannu. Suna dab da bango sai ta karkace gefe guda. Baba ya yi wata tsawa, kalma ɗaya tak da yarensu. Wallahi kafin ka ƙifta ido, masu cin doya sun yar da doya, masu hira sun bar hira, kowa ya ruga ya cusa kansa ƙarƙashin inda ta karkace. Angon, wani ƙato mai faɗin ƙirji, shi ya riga kowa. Har ni sai da aka ja ni ciki. Jinka ta zauna daram, aka kwashe da dariya, mata suka rangaɗa guɗa.

Ina cikin dariyar na juya na hango hannun motata ya miƙe sama. Nan take gabana ya faɗi. Na ce wa Fasto, "Ka ga abin da na gani? Waɗannan mutanen in kaya ya karkace ba gudu suke yi ba, shiga suke yi."

Ya ce, "Haka aka raine mu. Wanda ya ja da baya lokacin da jinka ta karkace, har jikokinsa sai an yi wa gori."

Tankin ya iso bayan azahar, ɗan kwangilar da aka ba aikin ruwan yana biye da shi a ƙaramar motarsa. Tanki ne na ƙarfe, sabon fenti yana ƙyalli, da kunnuwa huɗu da mai walda ya liƙa masa a sama don a saƙala sarƙa. Kafin mu ce me, duk garin ya kewaye shi. Mazan nan da suka ɗora jinka suka tuɓe riguna, kowa ya nemi wurin da zai dafa. Nufinsu in na ɗaga su tallafa daga ƙasa, su raka shi har gindin hasumiya.

Na leƙo na ce kowa ya ja da baya, babu mai taɓa tanki, babu mai tsayawa ƙarƙashinsa. Fasto ya fassara. Baba ya matso, ransa a ɓace, ya yi mini magana da Hausa da kansa.

"Yaro, ruwan nan namu ne. Matanmu sun gaji da zuwa rafi. Abin da ba mu sa hannu muka ɗaga ba, yaya za mu ce namu ne? Baƙo zai zo garinmu ya yi aiki muna tsaye kamar marasa lafiya?"

Ɗan kwangilar ya goya masa baya, don ya ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, yana so a gama ya kama hanya. Ya ce, "Haba direba, mene ne a ciki? Bar su su dafa mana, ai taimako ne. Ɗaga mu tafi."

Kai, raina ya ɓaci! Na kashe injin, na zare makulli na jefa aljihu, na sauko na zauna a kan katako. Na ce, "Ranka ya daɗe, in dai akwai mutum ɗaya a ƙarƙashin ƙugiyata, tankin nan a nan zai kwana." Ya ce ya san manajanmu, zai sa a karɓe motar a hannuna gobe-goben nan. Na san zai iya, kuma ina da mata da ƙananan yara a gidan haya. Na ce ya je ya faɗa, ni ba zan koma Minna da gawar kowa a wuyana ba.

Fasto ne ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Alhaji, kana da gaskiya, amma ka kunyata tsoho a gaban mutanensa. Ba korarsu za ka yi ba. Ka ba su aiki."

Na huce, na je na durƙusa gaban Baba. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, bakina ne da kaifi. Jinka in ta faɗo wa mutum sai ya tashi ya kakkaɓe ciyawa. Wannan ko duk mazan garin nan suka taru ba za su tare shi ba, kwantar da su zai yi gaba ɗaya. Ina da aiki biyu da ba zan iya ba sai da ku." Na nuna masa dogayen igiyoyi biyu da muke ɗaurawa a jikin kaya don kada ya yi ta juyi a sama. Na ce a ba ni maza su riƙe daga nesa, kada kowa ya naɗe igiya a hannu, in Fasto ya ce a saki a saki. Aiki na biyu kuwa, na ce a zana layi kewaye da wurin, kuma ina neman mutum ɗaya da garin nan ke jin tsoronsa ya tsare shi.

Baba ya ƙare mini kallo. Can ya juya ya yi wa matan magana. Sai ga su da ƙore cike da tokar murhu. Fasto ya shiga gaba yana nuna musu, suna binsa suna zubawa, har farin layi ya zagaye motar da hasumiyar da duk inda hannun zai bi. Baba ya tsaya a bakin layin da sandarsa, ya ce wanda ya tsallaka shi da shi ne. Angon aka ba kan igiya ɗaya.

Na duba kunnuwan tankin da sarƙoƙi, Fasto ma ya duba. Na ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga kan mota na tsaya, muka saurara, babu abin da ya motsa. Fasto ya juya yatsa sama, na ci gaba a hankali. Motar da ta kawo shi ta fice. Tanki ya wuce tsayin mutum, ya wuce tsayin ɗaki, na fara juyawa da shi wajen hasumiya.

Sai na ji ƙara, ƙas! Kunne ɗaya ya ɓalle daga inda aka yi masa walda. Tankin ya karkace, ya yi lilo, motar ta girgiza har cikin haƙorana. Fasto ya daka tsawa a saki igiya, ya ba ni alamar in sauke a hankali. Ta gilashi na ga taron nan gaba ɗaya ya yunƙuro gaba, kamar yadda suka yi da safe. Baba ya ware hannuwa da sanda a gicciye yana ruri, suka ci birki a bakin toka.

Ban da mutum ɗaya. Angon ya saki igiya ya zabura, hannuwansa a sama, ya nufi ƙarƙashin inda tankin ya karkace. Na tsayar da saukewa, don in na ci gaba a kansa zan ajiye. In na bar shi a rataye kuma, sauran kunnuwan suna ɗauke da nauyin da ba nasu ba. Babu abin da ya rage a hannuna, sai salati nake yi da ƙarfi.

Ban san tsoho yana da wannan zafin nama ba. Baba ya wurga sandar nan ƙasa-ƙasa, ta sami ɗansa a ƙwauri, ƙaton ya kife da fuska taku kaɗan cikin layin. Fasto ya cafko ƙafarsa ya ja shi waje kamar buhun dawa. Ko numfashi ban sauke ba kunne na biyu ya tsinke, sauran suka bi. Tankin ya faɗo, tim! Ƙasa ta amsa, gefensa ya nutse cikin laka daidai inda yaron ya nufa. Hannun motar ya yi tsalle sama ya dawo, amma ƙafafunta suna kan katakai, ba ta kife ba.

Na sauko daga motar. Ɗan kwangilar yana jingine da motarsa. Muka duba kunnuwan, ashe waldar sama-sama aka yi, fenti ya rufe. Ido ba zai gani ba. Dalilin da ya sa ake hana tsayawa ƙarƙashin kaya ke nan, ko da an duba an sake dubawa, don babu direban da zai rantse maka a kan ƙarfen da ba shi ya ƙera ba.

Baba bai zo wurina ba tukuna. Wurin ɗansa ya je, ya tsuguna, ya kama ƙafar da ya fasa yana shafawa, hawaye na bin gemunsa. Angon yana cewa, "Baba, karkacewa ya yi, na ga ya karkace." Tsohon ya ce, "Na sani. Ni na koya maka." Sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, "Direba, da na ci nasara a kanka ɗazu, da yau kabari nawa za mu haƙa?"

Ba a karɓe motar a hannuna ba. Bayan an gyara tankin mun koma mun ɗora shi, kuma kafin mu iso matan sun riga sun zuba tokarsu.

Abin da na koya ranar shi ne, a wurin aikin ƙugiya ba sakarai kaɗai ake tsoro ba. Mutumin kirki, wanda aka raina a kan in ya ga kaya zai faɗi ya kai hannu, shi ya fi kowa kusa da mutuwa, kuma faɗa ba ya tsayar da shi. Sai ka ba shi aikin da zai riƙe daga nesa, ka ja layin da ido zai gani, ka damƙa layin a hannun wanda yake jin maganarsa. Tun daga ranar, duk inda na je aiki, kafin in tayar da inji sai na tambayi abu biyu: ina toka, kuma wane ne babba a nan.

Angon nan yanzu shi ma ya yi furfura. In ya kawo doya Minna yakan biyo ta gidana ya ajiye mini 'yan ƙwaya biyu-uku. Har yau da tabon sandar a ƙwaurinsa, kuma in jikokina suka tambaye shi me ya same shi, sai ya ja ƙafar wando ya nuna musu ya ce, "Nan ne babana ya fi so na."