Keziya Mai Binne

In ana hirar masu ƙarfin hali a Madarunfa, sai ka ji ana lissafo samarin da ke sheƙa gudu da moto, wato babur, a hanyar Ɗan Issa. Ni abin haushi yake ba ni. Gudu da moto ai ko ɗan akuya aka ɗaure a kai zai yi. Ni dai gwanata Keziya ce, maƙwabciyata ta gona, wata 'yar siririyar mace da ko gaisawa kuke sai ka matso kafin ka ji muryarta.

Mijinta Manasse ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, babbarsu Hikima, da gona guda a hanyar Safo. Tun ba a gama zaman makoki ba wansa Toma ya kawo shawara: gonar ta koma hannunsa, shi ya noma, ya riƙa ba su abin da za su ci. Toma ba mugu ba ne, amma kowa ya san gonar da ta shiga hannun wani ba ta cika dawowa ba. Keziya ta roƙi damina ɗaya. Dattawan majami'a suka ce to, in ta kasa, maganar Toma ta tabbata.

Matsalarta hannu. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa gonarsa yake rugawa, ba mai waiwayar wani, kuma kafin mace ɗaya ta gama tata laimar ta tsere. Sai ta zaɓi binne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta ce komai ba. Masu yin binne sukan rage rabin iri a gida saboda tsaro. Ita nata bai kai a raba ba, duka ta zuba.

Na gan ta da idona cikin zafin bazara, tana sara da sungumi, ta dawo tana jefa iri tana rufewa da diddige. Wallahi tausayi ya kama ni, har da ɗan jin haushinta.

Abin da ake gudu kuwa shi ya faru. Aka yi wani ɗan yayyafi marar kunya, wanda bai isa shuka ba amma ya isa ya tayar da iri. Geron ya tsiro, rana ta buɗe, cikin 'yan kwanaki ya ƙone ƙurmus.

Toma ya same ta a bakin gona, ina tsaye.

"Uwar Hikima, ba na hwaɗa miki ba? Ga shi kin kashe iri. Ki bar wahal da kanki hakanan."

"Yaya, damina ɗaya anka ba ni," in ji ta. "Ko hwarawa ba ta yi ba."

Washegari ta buɗe rumbu. Ɗan geron da ya rage na ci, wanda zai kai su tsakiyar damina, ta sussuke, ta ɗauki mafi yawansa ta koma ta sake binnewa a ƙasar nan da ta cinye na farko. Nan kam na kasa yin shiru.

"Keziya, kina da hankali kuwa? Yaran mi za su ci?"

"Akwai zogale, akwai tabki," ta ce. "Yunwar bana mun iya da ita. In gona ta tahi, yunwar kowace shekara ce."

Haka suka yi ta fama da kwaɗon zogale da 'yan ƙananan kifin da take samu in ta taya masunta gyara. Ta rame har zane ba ya zama mata a ƙugu. Kullum da sassafe tana gona tana korar zabi kada su tone mata rami. Na tambaye ta ko ba ta jin tsoro, ta yi dariya ta ce ai tsoro tare suke kwana, da safe dai ba ta ba shi sungumi ya riƙe.

Sai ruwa ya zo, na gaske, wanda ya cika kwari ya kwana yana zuba. Gari ya ruɗe, ana neman iri, ana rigimar amalanke. Muna tsakiyar shuka, gonar Keziya ta riga ta yi kore layi-layi. Da muka fara noman fari ita ta gama nata.

A watan da rumbuna suka yi fayau, har gidan Toma an koma cin abinci sau ɗaya, geronta ne ya fara nuna a duk yankin. Ta karyo zangarniyar farko ta gasa tumu, ta cika ƙwarya, ta ɗora a ka. Ba ta aiki kowa ba, da ƙafarta ta je. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ajiye ƙwaryar a gabansa.

"Yaya, ga na gonar ƙanenka. A ba yara."

Toma ya dubi tumun. Sannan ya ɗauki ɗaya ya murza a tafin hannu, ya hure, ya watsa a baki.

"Gonarki ce dai," ya ce.