Rabin Ma'ana

Karatuna bai wuce firamare ba, amma na yi shekaru ina rubuta wa mutane takardun Turanci a Keffi. Tebur ɗaya gare ni da tafireta, a wata rumfa kusa da tashar mota.

Ina da hanyata ta tara manyan kalmomi. Kowace safiya nakan buɗe ƙamus in zaɓi guda biyar masu tsawo, in kwafe su a littafi tare da ma'anarsu. Na ɗora wa kaina doka: kowace kalma layi ɗaya. Idan ma'anar ta fi layi, inda takarda ta ƙare nan nake tsayawa. Direbobi suna kirana Malam Ƙamus, ni kuwa ina jin daɗi.

Maƙwabcina a Angwan Iya direba ne, mutumin Mada, wanda ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ƙanin matarsa masinja ne a wani ofis a Abuja. Shi ya aiko cewa ana neman direba, a kawo takardar shaida. Maƙwabcin nawa ya same ni a rumfa.

"Malam Ƙamus, ka zuba musu Turancin nan mai sa oga ya gyara zama."

Na ce, "Zauna ka sha kallo."

Na duba littafina na ɗauko notorious. A gabanta da ma na rubuta cewa wanda kowa ya sani ne. Na buga cewa duk Keffi da kewaye babu direba notorious kamarsa, na sake maimaitawa a ƙarshe don ta zauna. Shugaban tasha ya sa hannu bai karanta ba. Ƙanin matar ya kai takardar.

Ba a kira maƙwabcin nawa ba. Sai ya yanke cewa ƙanin matarsa ne ya ɓoye takardar ya ba wani gurbin. Ya daina amsa gaisuwarsa. Matar ta koma zuwa sabgogin danginta ita kaɗai. Ni ma na taya shi cewa mutanen yanzu ba su da amana.

Bayan na daɗe da barin rumfa, 'yata da ke koyar da Turanci a sakandare ta tsinci littafin ranar da muke sauya kwanon ɗaki. Ta yi ta buɗawa tana dariya.

"Baba, wa ya cinye maka rabin ma'ana?"

Ta nuna mini notorious a wayarta. Wanda kowa ya sani da mugun hali: abin da kalmar ke nufi ke nan. Sauran ya faɗa layi na biyu ne, wanda ban kwafa ba. Ta ce ita ba ta barin ɗalibanta su rubuta kalma tsirara, sai sun gan ta a jimla uku, sun lura da irin kalmomin da take tafiya da su. Wannan da ɓarawo take tafiya, in ji ta, da ɗan fashi.

Nan take na tuna takardar da na buga wa maƙwabcina. Damina biyu na yi ina gaisawa da maƙwabcina kullum, maganar tana bakina. Na riƙa ce wa kaina wataƙila ba a ma karanta takardar ba. Har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne ni na rubuta ta.

Wata Asabar na same shi a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa. Na faɗa masa daga farko har ƙarshe. Bai ɗago ba sai da ya gama da wadda ke hannunsa.

"Wato ni ne mugun direban Keffi."

"Haka na rubuta."

"Sau biyu?"

"Sau biyu."

Ya kakkaɓe zaninsa, ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa ta ɗauko mayafi. Ƙanin nata ya yi ritaya, yana zaune a Panda.

"Tashi, Malam Ƙamus. Da bakinka za ka gaya masa."

Na miƙe ina neman takalmina.

Ya ce, "Kuma da Hausa."