Zaɓen Kududdufi

Cikin shekarun da na yi ina koyar da kimiyya a birnin Katsina, akwai al'amari guda wanda ko tsufa ya kwashe sauran, shi kam ba zai gushe daga zuciyata ba. Ya auku a farkon daminar shekarar da sojoji suka koma bariki, lokacin da zumuɗin zaɓe ya game gari, har a teburin mai shayi sai an ƙirga hannuwa kafin a sauya tashar rediyo.

Bayan makarantarmu akwai wani tsohon kududdufi, gidana kuwa yana bakinsa, kuma kowace damina sai zazzaɓi ya kwantar mini da iyali. Sabon kansilanmu, wanda tsohon ɗalibina ne, ya yi alkawarin sa a cike shi da ƙasa muddin na kawo masa takardar da ke nuna jama'a na so. Na ce a raina, ina jama'ar da ta fi 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare sauƙin kai? Yara ne waɗanda na ɗauka ko tari na yi sai sun rubuta shi a littafi.

Na shiga aji da babbar riga, na warware musu yadda sauro ke haihuwa cikin ruwan da ba ya gudu, da yadda cizonsa ke kawo zazzaɓi. Ina shirin miƙa takarda su sa hannu, sai ɗan wani mahauci ya miƙe.

“Allah gafarta Malam, kakata ta ce mangwaro ke kawo zazzaɓi. Tunda kau mulkin farar hula ake, a yi ƙato bayan ƙato, kowa ya bi layin abin da ya yarda da shi.”

Aji ya kaure da sowa. Ni kuwa, saboda tsananin yarda da kaina, na amince. Layin mangwaro ya fita ƙofa har gindin darbejiya, layin sauro mutum huɗu, biyu daga ciki ma 'ya'yan maƙwabtana ne masu jin nauyina. Suka ɗaga yaron nan sama suna kiransa Ciyaman, suna buga tebura, har shugaban makaranta ya leƙo ya ga ko gobara ce.

Washegari na sa aka ɗebo ruwan kududdufin a kwalba, muka ɗaure bakinta da ƙyalle. Bayan mako guda 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a ciki suka rikiɗa sauro. Na ɗaga kwalbar ina taƙama, sai Ciyaman ya ce, “Malam, kwalba ta nuna sauro ɗan kududdufi ne, mun yarda. To, wa ta nuna ya kamu da zazzaɓi?” Wani daga baya ya ce, “A zura hannunka ciki mu gani, Ranka ya daɗe!” Na yi dariya tare da su, amma a ɓoye na jinjina wa yaron, domin tambayarsa ta masana ce. Sai da na gayyato wani ma'aikacin asibiti ya yi musu bayani, ya kuma nuna musu ƙwayar cutar cikin ɗigon jini, sannan jam'iyyar mangwaro ta watse.

Na tabbata yanzu nasara ta zo. Na sake fito da takardata, sai wata yarinya mai ƙarancin magana, ɗiyar wani magini, ta ce, “Malam, in an cike shi, ruwan unguwa ina za shi?” Ta roƙi mu fita fili. Ta tona ɗan rami, ta jera hogen ƙasa kewaye da shi a matsayin gidaje, ta tuttula ruwan buta, duk ya gangara ramin. Ta cike ramin da ƙasa, ta sake tuttulawa. Ruwan ya yi ɗan dawurwura, ya miƙe ya jiƙa hogen da ke gangare har ya narke.

“Ke, wanga gidan wa ne?” in ji Ciyaman.

“Babana ya ce duk unguwar babu gidan da ya kai na Malam zama cikin kwari.”

Ihun da aka yi ranar, har masu tallar gyaɗa a bakin ƙofa sun taya. Suka sake yin layi, ba wanda ya rage, a kan kada a taɓa kududdufi sai an fara gina magudanar ruwa. Na tsaya ni kaɗai da takarda a hannu, daga bisani na tattara rigata na bi bayan yarinyar.

Kansila ya karanta takardar da suka rubuta, ya yi dariya har da hawaye, ya ce magudana ta fi ƙarfinsa a wannan shekarar. Na nufi Babbar Kasuwa na sayo wa iyalina gidan sauro. Da ruwan Agusta ya sauko, kududdufi ya cika ya batse, ya tsaya taku uku daga katangata, katanga kuwa ta ƙasa ce.

Tun daga nan na san cewa yawan masu layi ba ya mayar da ƙarya gaskiya, amma abin da za a aikata da gaskiyar, wajibi ne a tambayi waɗanda ruwan zai bi ta ƙofarsu, ko da kuwa shekarunsu goma sha uku.