Hoton Ruwan Zoɓo

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na sakandare, aka rufe makarantunmu saboda 'yan bindiga. Malamin kemistiri ɗinmu ya ƙi zama haka nan. Ya buɗe guruf a waya, ya haɗa ɗalibai daga makarantu daban-daban, ya raba mu uku-uku. Ni a Ƙaura, wata yarinya a Shinkafi, sai abokina a wani ƙauye bayan Zurmi. Ban taɓa ganinsa ba, muryarsa kawai na sani, amma mun shaƙu.

Tunda babu ɗakin gwaji, da kayan gida muke aiki. A zuba ruwan zoɓo a kofi, wannan ya ɗiga lemon tsami, wancan kanwa, a ɗauki hoton yadda launin ya sauya a turo. Dokar malam ita ce, in mutum ɗaya bai turo ba, duka ukun sun rasa maki.

Ni aka ba shugabanci, kuma abin ya hau mini kai, kai ka ce gwamna aka naɗa ni.

Wani mako gwajin ruwan toka ya faɗo kan abokina. Ƙauyensu babu sabis ɗin tura hoto sai an hau wani dutse a bayan gari. Ranar Laraba ya samu ya kira ni da wayar wani, ya ce, "Wallahi na yi aikin, amma an ce an ga mutanen nan wajen dutsi. Ka bari sai jibi."

Na ce, "Kai kullum da dalili! Gobe malam ka rufewa, kai ɗai kar rage."

Ya ce, "To."

Washegari da hantsi hoton ya shigo, zoɓon ya koma kore. Har na tura masa alamar jinjina. A hanyar saukowa daga dutsen 'yan bindigar suka tare shi. Bayan kwana tara aka samu gawarsa.

Na bi motar kasuwa na je gaisuwa. Mahaifinsa ya riƙe hannuna ya ce, "Kai na abokin nan nashi na Ƙaura? Kullum shina batunka, wai kai ka ƙarfafa mishi gwiwa ga karatu. Allah shi yi maka albarka, ɗana."

Yanzu ni ma koyarwa nake yi, kuma duk ɗalibin da ya ce mini ba zai iya ba yau, sai na tambaye shi dalili. Amma har tsohon ya rasu ban iya gaya masa gaskiya ba. Abin da na ce a ranar shi ne, "Amin, Baba."