Gwangwanin da Malam Almu Ya Ƙi Sayarwa

Duk wanda ya zauna unguwar Kambarawa ta Katsina shekaru goma da suka wuce ya san shagon Malam Almu mai kayan sanyi. Firiza biyu gare shi da benci ɗaya. Yana sayar da lemon kwalba da ruwan leda, sai zoɓo da kunun aya da matarsa Suwaiba ke dafawa a gida. Mutum ne siriri, mara yawan magana, ba ya wuce sahu na biyu a masallaci. Yana da doka guda: ba ya sayar da abin da bai ɗanɗana ba. Ko zoɓon Suwaiba ne, sai ya kurɓa ya juya shi a baki kafin ya ce, "Citta ta yi yawa," ko "Wannan abarbar ta kwana."

Mutane sun ɗauka baiwa ce kawai. Abin da ba su sani ba, Almu ya yi shekara tara a Jos yana saurayi, yana aiki a mashayar wani otal. A can harshensa ya koyi bambanta abin sha, kuma a can ya sha abin da ya sha. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo Katsina, ya tuba, ya yi aure. Suwaiba kaɗai ya taɓa faɗa wa, sau ɗaya, ba su ƙara tayar da zancen ba.

Wata ranar Talata cikin bazara, ana zafi kamar a bakin murhu, wata farar bas ta tsaya a ƙofar shagon. Mai ita ya fito, ƙato mai fara'a, ya ce sunansa Garba, dillalin kayan sha ne. Bayan sun gaisa ya jera gwangwani uku a kan firiza, masu hoton mangwaro da abarba da lemon tsami. Rubutun jikinsu ba Turanci ba ne, ba Larabci ba, kuma an kankare wani wuri a gindin kowanne.

"Sabon lemo ne, Malam, daga ƙetare. Shago bakwai na ba a unguwar nan, har rububinsa ake."

Almu ya buɗe na mangwaro. Zaƙi ne mai kauri, ya rufe komai, har ya haɗiye bai ji wani abu ba. Na abarba ya fi shi kaifi, yana tsinken harshe, amma bayan tsamin akwai wani wari kamar na ƙullun da ya kwana. Ya tsaya. Ya ɗauki na lemon tsami ya kurɓa kaɗan. Nan zaƙin ya kasa ɓoye ɗacin da ke zama a can ƙarshen maƙogwaro, sai kuma ɗumin nan ya fara sauka ƙirjinsa daga kurɓin farko da ya haɗiye. Shekara ashirin da shida rabonsa da shi, amma jikinsa ya gane shi nan take, har ya yi maraba da shi. Wannan ne ya fi tsorata shi.

Ya tofar a kwata, ya kuskure baki.

"Wannan giya ce."

Garba bai yi musu ba, bai daina murmushi ba. Ya ɗan matso.

"Ikon Allah. Mutum bakwai sun sha ba su gane ba. Kai ya aka yi ka san ɗanɗanonta, Malam?"

Almu ya tura masa gwangwanayen. Garba ya kwashe gwangwanayensa a natse, ya ce, "Kowa da abin da Allah ya rufa mashi asiri a kai. Ka riƙe naka, in riƙe nawa."

Da ya koma gida ya faɗa wa Suwaiba. Ta ci gaba da tace zoɓo.

"Malam, in ka yi magana za a tambaye ka. Kana da 'ya'ya mata uku a gidan nan."

"Na sani."

Kwana goma sha ɗaya ya yi bakinsa a rufe. A cikinsu farar bas ta wuce ta gaban shagonsa sau huɗu, tana rage gudu, Garba yana ɗago masa hannu. Gwangwanayen kuwa sai yawa suke a bola. Mata suna aike a sayo musu don baƙi, suna cewa na abarba yana sa barci mai daɗi. Masu zuwa shagonsa suna tambaya, "Ba ka da mai mangwaron nan?" Sai ya ce babu.

Rana ta goma sha biyu, da azahar, wani ɗan acaɓa ya zauna a bencinsa da gwangwani uku da ya sayo a wani shago. Ya shanye su a jere yana dariya shi kaɗai. Wata mata mai tsohon ciki ta tsayar da shi, ta ce asibiti za ta je awo. Almu ya ga yadda ƙafar ɗan acaɓan ta kuskure giyar babur har sau biyu. Ya miƙe ya zare makullin babur ɗin, ya ce wa matar ta nemi wani. Mutane suka taru, ɗan acaɓa yana zage-zage.

Bayan la'asar ya tafi ƙofar gidan mai unguwa, Alhaji Hashimu, inda dattawa ke zama. Ya ajiye irin gwangwanin, wanda ba a buɗe ba, a tabarma ya faɗi abin da ke ciki. Ɗaya daga cikin masu shagunan da ke sayarwa ya harzuƙa.

"Hassada ce! In giya ce, kai ina ka san ta?"

"Na sha ta shekara tara," in ji Almu. "Na kuma zuba wa mutane ita da hannuna. Allah ya yafe mani."

 Alhaji Hashimu ya sa aka kai wa wani likita ɗan unguwar gwangwanin, shi kuma ya sa aka gwada shi. Maganar Almu ta tabbata. Aka bi shaguna aka kwashe katan-katan, hukuma ta tafi da su. Garba kuwa ba a same shi ba, lambarsa ma ta daina shiga.

An gode wa Almu a masallaci. Amma bencinsa ya fara zama babu kowa, wasu matan suka daina sayen zoɓon Suwaiba, wai ba a san me ake zubawa ba.

Bayan wata biyar ya je Babbar Kasuwa sayen aya. Yana tsugune yana duba buhu sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Garba ne, ya tara gemu, ya sa babbar riga.

"Malam Almu! Ya iyali? Ya Suwaiba, ta ji sauƙin ƙafar? Na ga ka sake fentin ƙofar gida, koren ya yi kyau."

Ya sake shi ya shige cikin jama'a. Almu ya bar ayar a wurin, ya hau babur ya nufi gida. A satin ya sayar da firiza ɗaya, ya mayar da ɗayar zauren gidansa. Har yau a nan yake sayar da kayansa, yana zaune inda zai ga duk wanda ya shigo lungun.