Ranar da Na Share Duwatsun Ramatu

A daminar shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, wata safiyar Asabar, na tsaya da tsintsiya a gindin rumbunmu ina kallon duwatsu biyar da aka jera a ƙasa. Shekaruna tara a lokacin. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Kebbe, kuma ranar Baba ya kira gayyar noma, maza sun fita da hauyoyi tun bayan sallar asuba. Inna tana ɗaki tana jego, maƙwabta kuma suna can gidan Gwaggo suna fama da tuwon 'yan gayya. Aiki ɗaya aka bar wa yayata Ramatu: ta dama fura, ta kai gona da hantsi. Duwatsun nata ne, kuma na san sarai amfaninsu.

Ramatu ta girme ni da shekara biyu, amma ni ake aike in nemo ta. A tura ta rijiya, sai a same ta tsugune tana kallon tururuwa suna jan ƙwayar gero, guga na gefe. In ta kama saƙar faifai, ko gobara ake ba ta ji ba, kuma faifanta babu irinsa a unguwarmu. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma lalaci ba. Lokaci ne kawai ba ya zama a kanta, hantsi da azahar duk ɗaya ne a wurinta. In ka ce mata abu uku, ta riƙe na farko, sauran sun bi iska. In aka yi mata tsawa kuwa, bakinta ya mutu ke nan har yamma. Mutane suna cewa iska ta taɓa ta, an yi rubutu an yi turare, Ramatu tana nan yadda take.

Ita da kanta ta samo dabarar duwatsun. Ta lura inuwar rumbu tana janyewa da safe kaɗan-kaɗan, sai ta jera duwatsu a hanyarta. In inuwa ta bar farin dutse, lokacin ɗebo ruwa ya yi. In ta bar ja, surfe. Baƙin na hura wuta ne, mai faɗin na kai abinci gona, na ƙarshe kuma na alwala. Ta koma zaman saƙarta a inda idonta zai faɗa kansu. Ranar da gari ya lumshe takan sha wuya, amma in da rana, sai gida ya zauna lafiya. Inna ta kafa mini doka in riƙa zagaye wurin in ina shara.

A shekarar ne aka ce kowane yaro ya shiga makarantar boko kyauta. An gina ajujuwa da rufin kwano a bakin hanya, wani malami daga Tambuwal yana bin gida-gida yana rubuta suna. Baba ya ba da sunana ba gardama. Da aka zo kan Ramatu sai ya ƙi ba da nata, ita kuwa tana bayan ƙofa, ta fi ni son abin nesa ba kusa ba, har ta saƙa wa kanta jakar kaba ta littattafai. Inna ta yi ta roƙo, Baba ya ce, "Mu gani ran gayya. In ta kai fura kan lokaci, ta iya bin ƙararrawa." Ramatu ta yini tana gyara duwatsunta tana gwadawa.

Ni kuwa ba na so ta je makarantar. Ba zan ƙawata maganar ba, kunya take ba ni. A dandali 'yan mata suna kirana ƙanwar mai duwatsu, ina ganin in muka shiga aji ɗaya sunan zai bi ni har gaban malamai. Safiyar gayyar, a gindin rumbu, na waiga, ban ga kowa ba. Na kwashe duwatsun cikin shara na watsar a juji, na share wurin fes, na fice ƙofar gida wasan carafke. Ina jin rana tana ɗagawa a bayana, na san hantsi ya yi, na san kalma ɗaya daga bakina ta isa. Na ci gaba da wasana.

Da na leƙo, Ramatu tana kan juji tana tono da hannu. Ta samo su ɗaya bayan ɗaya, ta dawo gindin rumbu tana ajiyewa tana ɗaukewa, tana neman ainihin inda kowanne yake. Furar tana cikin ƙwarya ba a dama ba. Sai bayan azahar ta isa gona, ta tarar rabin 'yan gayya sun watse da ƙishi, wani ma ya gaya wa Baba baƙar magana a gaban jama'a. Baba bai dake ta ba, da ma dukan ya yi. Ya shigo ya tsaya a kan duwatsun, ga su nan jere kamar ba a taɓa su ba, ya ce, "To, ga duwatsun, mi sunka hana? Wagga a bar ta gida." Ramatu ta sunkuyar da kai, bakin ya mutu. Ni ina riƙe da jaririn Inna, na yi tsit.

Na yi makaranta, na zama malama, na ƙare aikina ina koya wa 'ya'yan mutane kiyaye lokaci. Yara irin Ramatu sun yi ta ratsa ajina, masu kallon taga, masu manta littafi, ban taɓa iya ɗaga musu bulala ba. Yanzu an san abin, har suna gare shi a asibiti, ana cewa a rarraba musu aiki kaɗan-kaɗan, a ba su alamar da ido zai gani. Ramatu tana Jabo da jikokinta, sun sa mata waya tana ƙara in lokacin magani ya yi. Bara da na je gaishe ta, na tattara ƙarfin hali na gaya mata ni na watsar da duwatsun. Ba ta ɗago daga saƙarta ba, ta ce, "Na gan ki, ina bakin madafi. Jira nika yi ki faɗi da kanki." Sannan ta laluba ƙarƙashin tabarma ta miƙo mini takardar asibiti, ta ce in karanta mata abin da likita ya rubuta. Na karanta mata da ilimin da ya kamata a ce mu biyu muka samu.